A Auna Hayaƙin Mota, A Daina Ƙirga Shekarunta

A makon jiya na bi ta wani fili a bayan unguwar Yelwa, nan Garwa, inda masu sayen tsofaffin ƙarafa suke tara kayansu kafin a loda su zuwa kudu. A tsakiyar filin na tarar da Fijo 504 familiyal, fara, an cire mata ƙofofi, wani saurayi yana saman rufinta da kurfi da guduma yana tsaga shi. Warin gazuwal ne ya tsayar da ni, domin ya nuna mini cewa motar mai dizal ce, kuma man bai daɗe da zuba ba. Na yi masa sallama na ce, "Samari, me ya sami motar nan? Hatsari ta yi?" Ya sauke gudumar ya ce, "Wallahi Baba, babu abin da ya same ta. Da ƙafarta ta shigo nan shekaranjiya. Mai ita ne ya rasu, magada suka ce ta tsufa, aka sayar mana a kan sikeli."

Tun daga ranar maganar nan take cina. Motar da ta shigo da ƙafarta, injinta yana bugawa, birkinta yana kamawa, an yanke mata hukuncin kisa saboda shekarun da ke rubuce a takardarta. Kuma ba magadan nan kaɗai ke da wannan tunani ba. Shi ne tunanin samarinmu da ke yi wa mai tsohuwar mota dariya a bakin danja, shi ne kuma tunanin da ke cikin tsarin harajinmu, inda duwan, wato kwastan, ke ƙara wa mota kuɗi da zarar ta haura shekara 10, ba tare da an duba abin da ke fita daga salansarta ba.

Ra'ayina shi ne, shekaru ma'auni ne marar amfani wajen gane motar da ta dace da hanyoyinmu. Tsohuwar mota mai dizal da ake kula da ita ta fi dacewa da Arewacin Kamaru da Cadi a kan yawancin motocin dizal na baya-bayan nan da Turai take zubo mana, kuma abin da ya kamata hukuma ta auna shi ne hayaƙi da birki da taya. Na san akwai masu ja da wannan magana, wasunsu kuma suna da hujja mai ƙarfi, don haka zan bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke cikin tsohon inji

Injin dizal ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na fetur. Fistan ne yake matse iska har ta yi zafi matuƙa, sai nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. A tsofaffin motoci, famfo ne na ƙarfe zalla yake auna man ya tura shi, babu kwamfuta, babu tarin wayoyi. Irin wannan inji ne a cikin Fijo 504 da 505 masu dizal, da Marsandi 200D da 240D da 300D da aka ƙera tsakanin 1976 da tsakiyar shekarun 1980, da kuma injin 1HZ mai silinda shida da Toyota ta fara sa wa Land Cruiser a 1990. Wanda ya taɓa tafiya daga Kusseri ya tsallaka Injamena ya nufi Abeshe ko Faya ya san dalilin da ya sa mutanen can ba sa yarda da wata mota kamar yadda suke yarda da wannan.

Ƙarkon waɗannan injina abu ne da aka shaida a ko'ina. Wani direban tasi a birnin Tasalonika na ƙasar Girka ya yi tafiyar kilomita miliyan 4.6 da Marsandi 240D ƙirar 1976, har kamfanin ya karɓi motar ya ajiye ta a gidan tarihinsa a 2004. Mu a nan ba mu ajiye lissafi irin wannan, domin agogon kilomita yakan mutu tun motar tana da sauran ƙuruciya, amma kowane tsohon direban tasha yana da labarin Fijo da ta yi shekara ashirin tana zirga-zirga tsakanin Garwa da Marwa.

Abin da ya fi ƙarko muhimmanci a wurina shi ne, ana iya gyara injin nan a inda ya lalace. Akwai wani dattijo mai gyaran famfo da nake kai wa motata, shagonsa bai fi ɗaki ɗaya ba. Idan ya kwance nozul, yakan wanke shi a cikin tasa da gazuwal mai tsabta, ya ɗaura shi a kan wata 'yar na'ura mai hannu, ya danna sau biyu ko uku yana kallon allura. Idan nozul ɗin yana da lafiya, sai ka ji ya yi wata 'yar ƙara, man ya fito kamar hazo. Idan ya gaji, sai ya riƙa ɗiga ko ya fito kamar zare. Dattijon yakan nuna mini da yatsa ya ce, "Malam, ka ga wannan ɗigon? Shi ne baƙin hayaƙin da kake gani a hanya, shi ne kuma kuɗinka da ke ƙonewa a banza." Sai ya sauya bakin nozul ɗin, ya daidaita shi da siraran ƙarafa kamar farcen yaro, ya sake gwadawa har sai hazon ya yi masa yadda yake so. Aikin rabin yini ne, kuma kuɗinsa talaka yana iya biya.

Hujjar hayaƙi

Hujja ta farko da ake kawowa ita ce hayaƙi, kuma ba zan raina ta ba. Duk wanda ya bi bayan wata tsohuwar bas a hawan dutsen Ngaundere ya san yadda numfashi yake sarƙewa. Tun a 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. 'Ya'yanmu ne suke shaƙar sa a bakin titi, da mata masu sayar da ƙosai, da 'yan acaɓa da ke wuni a bayan manyan motoci.

Amma baƙin hayaƙi mai kauri alama ce ta rashin lafiya, kuma yana da dalilai sanannu. Ko dai nozul ya gaji kamar yadda na faɗa, ko matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu har injin ya rasa abin shaƙa, ko kuma direba ya sa an buɗe famfo domin motar ta ja lodin da ya fi ƙarfinta. Wannan na ƙarshe shi ya fi yawa a tashoshinmu. Motar da aka yi domin mutum bakwai ko takwas sai a cusa mata goma sha biyu, a ɗaure buhunan masara da akuya a sama, sannan a ce da bakanike ya ƙara mata mai don ta hau tudu. Laifin wannan hayaƙi yana wuyan mai motar, kuma ana iya kama shi da na'urar auna duhun hayaƙi, wadda ake sa wa a bakin salansa a taka totur a karanta lamba.

Gaskiya ce cewa tsohon inji, ko da an daidaita shi sarai, ba zai kai sabon inji mai cikakken kayan tace hayaƙi tsabta ba. Na yarda da wannan. Sai dai tambayar da ta shafe mu ita ce, wace irin mota ce take maye gurbin tsohuwar idan an farfasa ta, kuma a wane hali take kasancewa bayan ta yi shekara guda a hannunmu?

Abin da ake kawo mana a madadinta

Mutumin Garwa ko Mundu da ya sayar da tsohuwar motarsa ba sabuwa fil yake saya ba. Okaziyon yake saya, wadda ta gama yayinta a Beljiyam ko Jamus ko Faransa, aka sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Duwala, ta biyo hanya ko jirgin ƙasa zuwa Ngaundere. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari nasu Afirka suka zo. A daidai wannan lokaci ne Turawa suka fara juya wa dizal baya, bayan da aka gano a 2015 cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motoci kusan miliyan 11 wata dabara a kwamfutarsu da ke ɓoye ainihin hayaƙin da suke fitarwa a lokacin gwaji. Birane kamar Hambug da Situtgat da Faris suka kafa dokokin hana tsofaffin motocin dizal shiga wasu unguwanni. Motar da aka hana shiga gari a can, farashinta ya faɗi, hanyar tashar jiragen ruwa take kamawa.

Waɗannan motoci an ƙera su ne domin wata duniya dabam. Tun daga 1997 aka fara sa wa ƙananan motoci sabon tsarin tura mai wanda kwamfuta ke sarrafawa, inda matsin man yake kaiwa bar 1,600 har zuwa 2,000, alhali iskar tayar mota ba ta wuce bar 2 da 'yan kai ba. A irin wannan matsi, ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi a cikin mai ya isa ya kashe nozul, kuma nozul ɗin ba irin wanda dattijona yake wankewa a tasa ba ne, sai dai a sayi wani da kuɗi mai yawa. Daga shekarar 2000 kuma, lokacin da Fijo 607 ta fito da shi, aka fara sa wata matata a cikin salansa mai kama toka, wadda daga baya ta zama dole a kusan kowace motar dizal a Turai. Matatar nan tana son mai marar farar wuta. A Turai tun 2009 doka ba ta yarda farar wuta ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, yayin da wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta nuna a rahotonta na 2016 cewa ana sayar wa ƙasashen Afirka da dama gazuwal mai ɗauke da ninkin wannan sau ɗaruruwa.

Ku haɗa wannan da yadda muke shan mai a nan. Idan ka bar babbar hanya ka nufi Poli ko Culliri ko Tuboro, sau da yawa man da za ka samu na jarka ne ko na kwalba, wanda ya kwana a cikin duro mai tsatsa, wani lokaci ma an gauraya shi da kalanzir. Tsohon famfo yakan haɗiye wannan ya yi tari ya wuce. Sabon tsarin ba ya yafewa.

Na ga yadda abin yake ƙarewa a wurin wani maƙwabcina da ya sayi irin wannan mota, kyakkyawa, mai sanyi da kujerun fata. Ba ta yi wata huɗu ba sai wata fitila ta kama a gaban direba, motar ta ƙi wuce gudun keke. Aka kai ta gareji, aka jona mata kwamfuta, aka ce matatar salansa ce ta toshe, kuma sabuwa sai an aiko daga waje. Abin da aka yi shi ne abin da ake yi wa kusan dukkansu: aka yanke salansar, aka sa rodi aka farfasa matatar aka zazzage ta, aka toshe bututun da ke mayar da hayaƙi cikin inji, aka yi wa kwamfutar dabara don kada ta gane. Motar ta tashi, maƙwabcina ya yi murna, amma daga ranar duk abin da ya sa ake kiranta mai tsabta ya tafi. A takarda ƙaramar yarinya ce da ta biya haraji kaɗan. A kan titi kuwa hayaƙinta yana shiga huhun mutane kai tsaye, babu abin da ya tare shi. Tsarin da ke ƙirga shekaru ba zai taɓa kama wannan mota ba, na'urar auna hayaƙi ce kaɗai za ta kama ta.

Hujjar kuɗin mai

Wasu kuma suna cewa ribar dizal ta ƙare tun da farashinsa ya kamo na fetur. A nan ma akwai gaskiya. A Kamaru litar gazuwal tana sefa 575 har zuwa farkon 2023, sai ta koma 720 a watan Fabrairu na wannan shekara, ta sake hawa zuwa 828 a Fabrairun 2024, lokacin da fetur ya koma 840. Tazarar sefa 12 ba abin da za a yi dogon lissafi a kai ba ne. Mu a Arewa ma muna da wani dalili na daban da ya sa ƙananan motocin dizal ba su taɓa yawa ba, wato zuwa-zuwa, fetur ɗin Najeriya da ake shigowa da shi a jarkoki, wanda shekara da shekaru ya fi na gidan mai araha nesa ba kusa ba. Da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowa ya ga yadda kwalbar bakin hanya ta yi tsalle.

Ribar dizal tana cikin yawan abin da injin yake sha. A ɗauka motar fetur tana shan lita 10 a kilomita 100, 'yar'uwarta mai dizal tana shan lita 7 da rabi, wanda shi ne kusan bambancin da aka saba gani. Daga Garwa zuwa Ngaundere, tafiyar kusan kilomita 280, ta farko za ta sha lita 28, ta biyu lita 21. A farashin 2024 bambancin ya haura sefa 6,000 a zuwa kaɗai. Ga malamin makaranta da ke zagaya gari, wannan ba zai sauya masa rayuwa ba, kuma shi ban ba shi shawarar sayen dizal ba. Ga mai ɗaukar fasinja ko ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin ƙauye, daga Pituwa ranar Lahadi zuwa Gidar da Figil, kuɗin cefanen gida ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi

Hujjar da ta fi damuna ita ce ta tsaron rai. Fijo 504 ta fito ne a 1968, kuma ba ta da jakar iska mai kare direba, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa, jikinta kuma ba a tsara shi ya shanye karo kamar motocin yanzu ba. Idan aka yi taho-mu-gama, wanda ke cikin sabuwar mota ya fi samun damar fita da rai. Ba ni da amsar da za ta share wannan, kuma ba zan ce wa mai iyali ya zaɓi tsohuwar mota alhali yana da halin sayen lafiyayyar sabuwa ba.

Abin da zan ce kawai shi ne, mu dubi abin da ke kashe mutane a hanyoyinmu. Taya ce da ta suɗe har zare ya fito, a cikin zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40. Birki ne da aka yi wa ɗaurin talala, da fitila ɗaya da dare, da lodi fiye da kima, da direban da bai yi barci ba. Duk waɗannan suna samun motar shekara 8 kamar yadda suke samun ta shekara 40, kuma dukkansu abubuwa ne da binciken lafiyar mota, wanda muke kira bizit, ya kamata ya gano. Idan takardar bizit tana fita ba tare da an taka birki a kan na'ura ba, to ƙarancin shekarun mota ba zai ceci kowa ba.

Kayan gyara, da motocin da suke ɓacewa

Ana kuma cewa kayan gyara sun ƙare. Ga 504 wannan bai zama gaskiya ba tukuna, domin an ci gaba da haɗa ta a Kaduna har cikin shekarun 2000, kuma kayanta suna shigowa ta Yola da Mubi. Na Land Cruiser da Hilux da Hiace kuwa ko a ƙaramin gari ana samu. Inda maganar ta zama gaskiya shi ne wajen motocin da samarin yanzu ba su ma san sunansu ba: Fijo 404 a-kori-kura da ta yi jigilar auduga da gyaɗa, da Sabiyem da iyayenmu suka yi tafiye-tafiye a cikinta kafin zuwan bas-bas na Japan, da tsohuwar Land Rover ta ma'aikatan gona da likitocin dabbobi. Kayansu suna ƙarewa ne saboda kowace da ta tsaya sai a kai ta sikeli, alhali mota ɗaya da ta mutu tana iya rayar da uku.

A Jamus motar da ta kai shekara 30 kuma aka kula da ita ana ba ta lamba ta musamman mai harafin H, a Faransa ma akwai takardar motar tarihi mai irin wannan sharaɗi na shekara 30. Mutanen da suka ƙera motocin nan sun san darajarsu, suna da ƙungiyoyi, suna taruwa suna nuna wa 'ya'yansu. Mu da motocin suka yi wa bauta fiye da kowa, muna sayar da su a kan kilo. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma ni ina ganin ko don tarihi ya kamata a samu 'yan kaɗan da za a adana a Garwa da Marwa da Injamena, masu sha'awarsu su san juna, su riƙa musayar kaya da sani.

Sanin ma yana tafiya. Dattijon da ke gyara mini famfo ya gaya mini cewa yaransa biyu sun bar shi sun koma acaɓa, domin a can ana samun kuɗin yau a yau. Ranar da irinsa suka ƙare, ba motoci kaɗai za su tsaya ba. Irin famfon nan ne a cikin tarakta, da janareto, da injin niƙa, da injinan ban ruwa na bakin Binuwai. Ya kamata makarantun koyon sana'a su ɗauki irin waɗannan dattawa su koyar, tun suna da ido da ƙarfin hannu.

Daga hukuma kuwa, abin da nake nema ba shi da yawa. A sa na'urar auna hayaƙi a kowace cibiyar bizit, a yi aiki da ita a kan tsohuwa da sabuwa ba tare da bambanci ba, wadda ta faɗi a ba mai ita wa'adi ya gyara ya dawo. A bakin shigowa kuma a duba ko matatar salansa tana nan kafin a ba mota rangwamen ƙuruciya. Sannan a tsananta kan ingancin gazuwal da ake shigowa da shi, musamman tun da matatar mai ta Limbe ta yi gobara a 2019 ƙasar ta dogara ga man waje, domin rage farar wuta a cikin mai yana rage hayaƙin kowace mota a rana ɗaya, har da tsofaffin.

Washegarin ranar da na ga ana fasa Fijo ɗin nan, na koma filin bayan Yelwa da niyyar in sayi famfon da nozul ɗinta in kai wa dattijona. Na tarar an riga an loda gangar jikin, sai zakin ƙarfen nan na gaban motar da na tsinta a cikin ƙasa. Da na tambayi saurayin ina injin, sai ya ce maigidansa bai bari a fasa shi ba, domin wani mai lambu daga wajen Lagdo ya zo ya tayar da shi a ƙasa, ya saurare shi, ya biya, ya ce zai haɗa shi da famfon ruwa kafin lokacin dashen albasa.